Demas Nwoko: Ɗalibin Zariya da Ya Haɗa Zane da Dandamali

Da kwamitin wannan mujalla tamu ya nemi kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa a fagen tarihi, sai na lura cewa yawancinmu in an ce tarihi, hankalinmu kan sarakuna da yaƙe-yaƙe da 'yan siyasa yake tafiya. Ni kuwa na ga ya dace in kawo muku tarihin wani mai zane, watau Demas Nwoko. Dalilina biyu ne. Na farko, ko da yake mutumin Kudu ne, a Zariya aka yaye shi a wannan sana'a, kuma a ƙasar Nok ta Jihar Kaduna ya samo wani babban sashe na fasaharsa. Na biyu, darasin zane shi ne darasin da da yawanmu muka ɗauka na hutawa ne sa'ad da muke makaranta, ga shi yau ana neman a manta da shi a makarantun sakandare da dama. Tarihin wannan bawan Allah zai nuna mana abin da ake asara.

Asalinsa da zuwansa Zariya

An haifi Demas Nwoko a shekarar 1935 a garin Idumuje-Ugboko, wanda yanzu yake cikin Jihar Delta. Ɗan sarauta ne, domin mahaifinsa shi ne Obi, watau sarkin garin. Ya tashi a fada, yana ganin ginin ƙasa irin na ƙasar Binin, da sassaƙe-sassaƙe, da raye-rayen bukukuwa inda masu rawa kan rufe fuskokinsu. Waɗannan abubuwa uku, gini da sassaƙa da rawa, su ne suka bi shi har tsufansa.

A shekarar 1957 ya shiga Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya da ke Zariya, wadda a 1962 ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. A Ibadan aka fara kafa sashen zane na kwalejin, sa'an nan aka dawo da shi Zariya a 1955. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, kuma manhajar irin ta makarantun zane na Landan ce: a koyi awon jikin mutum, a koyi yadda haske da inuwa suke faɗuwa a kan abu, a koyi yadda abin da ke nesa yake ƙanƙancewa a ido, a kuma haddace tarihin masu zanen Turai. Cikin 'yan ƙasa ƙalilan da suka koyar a wurin akwai Clara Etso Ugbodaga-Ngu, haifaffiyar Kano. Abin da babu a manhajar shi ne fasahar ƙasar da kwalejin take zaune a cikinta. Ga birnin Zariya kusa, da Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19, ga gidaje masu zayyana a fuskar zaure, ga marina da maɗinka da dukawa, amma duk wannan ba ya cikin abin da ake jarrabawa a kansa.

'Yan Tawayen Zariya

A watan Oktoba na 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafancan, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke, da Oseloka Osadebe. Cikin abokan karatunsu kuma akwai Jimo Akolo, tsohon ɗalibin Kwalejin Gwamnati ta Keffi, wanda ya shahara da zanen mahaya dawaki da makaɗan Arewa, ya kuma yi shekaru masu yawa yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello. Daga baya aka riƙa kiran 'yan ƙungiyar 'Yan Tawayen Zariya, amma kada sunan ya ruɗe mu. Ba su ƙona aji ba, ba su ƙaurace wa darasi ba. Da rana suna yin aikin da malam ya ba su, su ci jarrabawa. In an tashi sai su haɗu su yi muhawara, in hutu ya zo kowa ya koma garinsu ya binciko zanen gargajiya da tatsuniyoyin mutanensa, ya dawo ya baje wa 'yan'uwa.

A 1960, shekarar samun mulkin kai, Uche Okeke ya rubuta manufar ƙungiyar, wadda suka kira Natural Synthesis da Turanci. Ma'anarta a taƙaice ita ce: kada a watsar da dabarun da aka koya wurin Bature, kada kuma a koma kwaikwayon kakanni ido rufe, a'a, mai zane ya san biyun sosai har su narke a hannunsa su zama abu guda, sabo, nasa na kansa. Okeke ya koma ga zanen uli, wanda matan Ibo suke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Nwoko kuwa ya fi karkata ga sassaƙen Ibo da na Binin. Ƙungiyar ba ta wuce shekara uku ba, ta watse a 1961 da manyanta suka gama karatu, amma duk wanda ya karanta tarihin zanen zamani na Nijeriya ya san daga nan aka ɗora harsashi.

Zanen Nwoko da ya fi shahara a wannan zamani shi ne wanda ya sa wa suna Nigeria in 1959, wanda ya yi a 1960. Jami'an mulkin mallaka ne a zaune a jere cikin kayan aiki, fuskokinsu a zazzage kamar waɗanda gajiya ta cinye, a bayansu kuma ga baƙaƙen masu yi musu hidima a tsaye cikin duhu, ba a ganinsu sosai. Mu tuna cewa a watan Maris na 1959 ne Jihar Arewa ta samu mulkin kanta, saura shekara ɗaya da 'yan watanni ƙasar duka ta samu. Ba a rubuta ko kalma ɗaya a jikin zanen ba, amma mai kallo yana gani ya san waɗanda ke kan kujera lokacinsu ya ƙare, waɗanda ke tsaye kuwa jira suke yi. A nan ne za a fara gane halin Nwoko: yana jera mutane a cikin zane kamar yadda ake jera 'yan wasa a dandamali, wane a gaba, wane a baya, wane cikin haske, wane cikin inuwa, har tsayuwar kowa ta ba da labari. A wannan shekara kuma shi da Okeke da Onobrakpeya suka yi zanen bango a rumfar fasaha ta baje kolin bikin 'yancin kai a Legas, alhali ba su ma karɓi takardar gama karatu ba.

Faris da sana'ar dandamali

Da ya gama Zariya a 1961 sai ya nufi Ibadan, inda a shekarar nan aka kafa kulob ɗin Mbari, matattarar marubuta da masu zane irin su Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo da Ulli Beier. Nwoko ne ya yi zane-zanen da ke cikin littafin waƙoƙin Okigbo na farko, Heavensgate, wanda Mbari ta buga a 1962. Daga nan ya samu tallafin karatu zuwa Faris, ya yi kamar shekara guda yana koyon tsara dandamalin wasan kwaikwayo da zanen bango. A can ma bai ajiye burushi ba, shi da Okeke sun baje kolin zane-zanensu a Faris a 1962. Da ya dawo sai ya zama malami a sabuwar Makarantar Wasan Kwaikwayo ta Jami'ar Ibadan, ya zauna nan har 1978.

Ya kamata in ɗan tsaya a nan in bayyana bambancin sana'o'in biyu, domin da yawa suna zaton duk zane ɗaya ne. Mai zanen da ake ratayewa a bango yana yi ne don mutum ya matso kusa, ya tsaya, ya duba a tsanake, yau da gobe da baɗi. Saboda haka yana iya ɓata mako guda a kan ƙwayar ido. Mai zanen dandamali kuwa mai kallonsa yana zaune ne can nesa, wani ma a layin ƙarshe na zaure. Ƙananan layuka ba sa isa can, sai manyan siffofi da launi mai ƙarfi. Bugu da ƙari, fitila tana sauya launi: jan haske yana kashe kore, shuɗin haske yana dusar da ja, don haka dole ya san fitilar da za a kunna kafin ya dama fenti. Sa'an nan dole abin da ya yi ya zama marar nauyi, yadda mutum biyu za su ɗauke shi cikin duhu kafin a buɗe labule. Mafi wuya kuma, ba a yarda aikinsa ya fi ɗan wasa jan ido ba. In 'yan kallo suka shagala da kallon bango suka bar mai magana, to mai zane ya yi ɓarna, kome kyan zanensa. Daga ƙarshe, in wasa ya ƙare sai a kwance kayan, wani lokaci ma a shafe da farin fenti a yi wani a kai. Sana'a ce ta mai haƙuri, wanda ya yarda aikinsa ya yi kwana uku ya ɓace.

Al'adar da Turawa suka kawo makarantunmu ita ce a zana daji ko ɗaki a babban ƙyalle a rataye a baya, 'yan wasa su tsaya a gabansa su yi magana. Duk wanda ya taɓa fitowa a Uwar Gulma ko Jatau Na Kyallu a zauren taron makaranta ya san irin wannan labule. Nwoko bai gamsu da haka ba. A ganinsa, wasan Afirka tun asali ba magana ce kaɗai ba, kiɗa ne da rawa da sutura da motsin jiki, kuma ido yana cin rabonsa kafin kunne. Ya bayyana wannan ra'ayi a wata maƙala da mujallar Présence Africaine ta buga a 1970 a kan neman sabon wasan kwaikwayo na Afirka. In muka duba namu na gida za mu ga gaskiyarsa. Yaran da ke tashe da azumi ba su da labule, ba su da fitila, amma da gemun auduga da tsumma da sanda sai ka ga tsoho tukuf a gabanka. Suturar ita ce zanen, jikin yaron shi ne allon.

Aikin da ya fito da sunansa a wannan fage shi ne wasan Mashayin Bammi na 1963. Asalinsa littafin Amos Tutuola ne, The Palm-Wine Drinkard, wanda aka buga a 1952, labarin wani mashayi da mai shafo masa bammi ya faɗo daga bishiya ya mutu, shi kuwa ya kama hanyar garin matattu don ya dawo da shi. Kola Ogunmola da 'yan wasansa ne suka mai da shi wasan waƙa da Yarabanci, Nwoko kuma ya tsara dandamali da sutura, ya kuma taimaka wajen shirya wasan. Ku dubi wuyar aikin. A cikin labarin akwai wani kyakkyawan saurayi da ya zo kasuwa, ashe duk gaɓoɓinsa na haya ne, yana komawa daji yana mai da wa masu su, ƙafa da hannu da ciki, har ya rage ƙoƙon kai kaɗai. Babu labulen da zai nuna wannan. Sai an sa sutura da abin rufe fuska da rawa su yi aikin, watau aljanu da dodannin labarin su zama sassaƙe masu tafiya. Wasan ya karɓu ƙwarai, aka zaga da shi garuruwa, har aka kai shi bikin al'adun Afirka na Aljiyas a 1969. Bayan wannan ya shirya wasan Danda, daga littafin Nkem Nwankwo, wanda Nijeriya ta kai bikin fasahar baƙar fata na duniya a Dakar a 1966, sa'an nan wasan rawa mai suna Children of Paradise a bikin FESTAC na 1977, bikin nan da aka yi babban hawan dabarsa a Kaduna.

Komawa ga yumɓun Nok

Wajen tsakiyar shekarun 1960 Nwoko ya juya ga yumɓu. Tun 1928 masu haƙar kuza suka fara tono gasassun siffofin yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, daga baya Bernard Fagg ya tattara su ya yi nazarinsu, aka ajiye da yawa a gidan tarihi na Jos wanda aka buɗe a 1952. Shekarunsu sun haura 2,000. Ana gane su da idanu masu kusurwa uku da huda a tsakiya, da kitso iri-iri. Abin da ya dami Nwoko shi ne, yaya mutanen da suka gasa manyan siffofi haka ba su fashe ba? Sai ya yi ta gwaji da yumɓu da tsakuwa da itace, har ya gina wani murhu nasa wanda ya haɗa dabarar gashin tukwane ta gargajiya da ta zamani. Da shi ya gasa siffofi irin su Titled Woman da Philosopher a 1965. In ka gan su za ka ce 'yan'uwan na Nok ne, amma mutanen zamaninsa ne ya siffanta, da tufafinsu da taƙamarsu. Wannan shi ne ainihin abin da suka yi wa juna alkawari a Zariya: a koyi dabarar kakanni har a iya ta, sa'an nan a faɗi maganar yau da ita.

Maganar yau ɗin kuwa ba ta da daɗi. Yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, abokinsa Okigbo ya mutu a fagen daga a wannan shekara, Simon Okeke ma ya rasu a 1969 yaƙin bai ƙare ba. A cikin waɗannan shekaru Nwoko ya yi zane-zane da siffofin yumɓu na soja, da hular kwano da bindiga, fuska babu annuri. Bai zana su a matsayin jarumai ba, bai kuma nuna ko na wane ɓangare ne ba. Wanda ya zana Bature a gajiye a kan kujera a 1960, shi ne bayan shekara bakwai ya zana wanda ya hau kujerar da bindiga.

Daga dandamali zuwa gini

A 1967 ya fara gina wurin aikinsa a unguwar Oremeji ta Ibadan, ya sa masa suna New Culture Studios. Gida ne da ɗakin zane da dandamalin wasa a wuri guda, kuma a hankali ya riƙa gina shi, gwargwadon abin da ya samu. Ba shi da takardar shaidar karatun zanen gini, amma da limaman ɗariƙar Dominikan ta cocin Katolika suka ga aikinsa sai suka ba shi ginin majami'arsu ta Ibadan a 1970. Daga baya ya tsara Cibiyar Al'adu ta Oba Akenzua a Binin, wadda aka fara a 1972 aikin ya ɗauki fiye da shekara 20, ya kuma gina gidansa a Idumuje-Ugboko, inda ya koma da zama bayan ya bar jami'a.

Dabararsa a gini ita ce dabararsa a dandamali. Yana haɗa jar ƙasa da siminti kaɗan ya buga bulo, ya bar bangon da launinsa ba shafe ba fenti. Yana rage manyan tagogin gilashi masu shigo da zafi, ya sa haske ya sauko daga sama, ya buɗe ƙananan kafofi ƙasa da sama don iska mai sanyi ta shigo mai zafi ta fice. Wanda ya saba lissafin inda fitila za ta faɗi a kan ɗan wasa, ba zai rasa sanin inda rana za ta faɗi a cikin ɗaki ba. Mu da muka san sanyin soron ƙasa a watan Afrilu, muka kuma san azabar ɗakin kwano da silin a ofisoshinmu in an ɗauke wuta, ba ma bukatar dogon bayani. Irin wannan tunani ne ya sa a tsakiyar shekarun 1970 aka gina dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ƙasa, bisa fasalin gidan Bahaushe, wanda wani Ba'amurke mai suna Steven Ehrlich ya tsara. Waɗanda muka yi karatu a Samaru mun sha kallo a cikinsa.

A watan Mayu na 2023, yana da shekara 87, aka ba Nwoko lambar Zakin Zinariya a babban baje kolin zanen gini na birnin Benis a Italiya, don girmama aikin da ya yi tsawon rayuwarsa. Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci. Mutumin da ba shi da takardar magini, shi ne maginan duniya suka miƙe tsaye dominsa.

Abin da ya shafe mu

'Yan'uwa, ga abin da na fahimta daga wannan tarihi. Waɗanda suka sauya fuskar zanen Nijeriya ba furofesoshi ba ne a lokacin, ɗalibai ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai, ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Kafin su isa Zariya kuwa, yawancinsu wani malami ne a wata makaranta ya fara miƙa musu fensir ya ce ku gwada. Jimo Akolo a Keffi ya samu nasa malamin. In babu ɗakin zane a sakandare, daga ina irinsu za su fito?

Na san akwai iyayen da ke ɗari-ɗari da zanen siffar mai rai, kuma wannan magana ce da malamai suka fi ni sani. Amma fagen yana da faɗi. Zayyanar allo da ta bango, aska takwas a wuyan riga, dagi a ƙofar fada, tsarin gini, tsarin dandamali, duk zane ne, kuma duk namu ne. Ga masana'antar fim ta Kano tana bukatar masu tsara wurin ɗaukar hoto, ga garuruwanmu suna cika da gidajen da ba a iya kwana cikinsu sai da janareta. Aikin yana nan, masu yi ne suka yi ƙaranci.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu, in an zo taron shekara ana rabon abin da muka tara, bayan rijiyar burtsatse da kujeru da littattafai, a tuna da ɗakin zane da dandamalin zauren taro. A sayi takarda da fenti da burushi. A sa kyauta ta shekara-shekara ga ɗalibin da ya fi iya zane, da ajin da ya fi iya shirya wasa. A ɗauki nauyin mota ta kai yara gidan tarihi na Jos, ko Gidan Makama a Kano, ko tsohon masallacin Zariya, su gani da idonsu. Kuɗin bai kai na katanga ba.

Ga malamanmu kuwa, musamman waɗanda suka koya mana zane da waɗanda suka yi ta fama da mu wajen gwajin wasa har dare, ba mu da abin biyanku sai addu'a. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah ya jiƙansu, waɗanda ke raye Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana.